Martin Offiah: Ɗan asalin Najeriya da aka yi wa mutum-mutumi a filin Wembley

A harabar filin wasa na Wembley da ke birnin Landan akwai wani mutum-mutumin tagulla mai siffofin mutum biyar, wanda aka ƙaddamar a watan Agustan 2015. Ɗaya daga cikin mutanen biyar yana durƙushe bisa gwiwoyinsa. Sunansa Martin Nwokocha Offiah, kuma iyayensa 'yan Najeriya ne. Da wuya a samu mai sha'awar wasanni a Kano ko Kaduna ko Legas da zai ce ya san shi, duk da cewa matasanmu na iya zayyano sunayen 'yan wasan Arsenal da Chelsea har da na benci. Dalilin hakan ba ya rasa nasaba da irin wasan da ya yi suna a cikinsa, wato zari-ruga, kuma ko a cikin zari-rugar ma, reshen da ba a cika nunawa a gidajen kallonmu ba.

Offiah ya dire ƙwallo a gidan abokan hamayya sau 501 a tsawon shekara 14 da ya yi yana wannan wasa. Mutum biyu kacal ne suka fi shi a tarihin wasan a Birtaniya: Brian Bevan ɗan ƙasar Ostiraliya mai 796, da Billy Boston ɗan yankin Wales mai 571. Ke nan a cikin haifaffun Ingila babu wanda ya kamo shi. Sai dai alƙaluman ba su ne kaɗai abin lura a rayuwarsa ba. Ranar da ya sa hannu a takardar kwantiraginsa ta farko a 1987, ya tsallake wata katanga da aka gina tun kafin a haife shi, kuma a wancan lokaci duk wanda ya tsallake ta ba shi da hanyar komowa.

Zari-ruga iri biyu ce

Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasan ɗaya ne: ƙwallo mai siffar ƙwai, ƙarti suna rungumar juna suna kayarwa, da turaku biyu dogaye masu sanda a gicciye. Amma iri biyu ne, kowanne da hukumarsa da dokokinsa da magoya bayansa. Akwai wanda ake kira Yuniyon, mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, shi ne wanda Afirka ta Kudu ta lashe kofin duniyarsa a 2019 da 2023. Akwai kuma wanda ake kira Lig, mai 'yan wasa 13, wanda ya fi ƙarfi a arewacin Ingila da gabashin Ostiraliya da Papua New Guinea da wani yanki na kudancin Faransa.

Rabuwar ta samo asali ne daga kuɗi da kuma bambancin matsayi tsakanin masu hali da talakawa. A ƙarshen ƙarni na 19, masu riƙe da ragamar wasan a kudancin Ingila galibinsu 'ya'yan manya ne da suka fito daga makarantun masu kuɗi, kuma aƙidarsu ita ce wasa nishaɗi ne, bai halatta a karɓi ko sisi a kansa ba. A arewa kuwa, a yankunan Yorkshire da Lancashire, masu buga wasan leburori ne: masu haƙar kwal, da ma'aikatan masaƙu da na tashoshin jiragen ruwa. Ana wasa ranar Asabar, alhali Asabar ranar aiki ce a wurinsu, don haka duk wanda ya fita fili ya yi asarar ladan aikinsa na wannan rana. In kuma ya karye, to shi da iyalinsa sai abin da hali ya yi.

Ƙungiyoyin arewa sun nemi a ba su dama su riƙa biyan ɗan wasa abin da ya rasa na aikinsa. A 1893 aka kaɗa ƙuri'a a taron hukumar wasan, aka yi watsi da buƙatar. Shekara biyu bayan haka, ranar 29 ga Agustan 1895, wakilan ƙungiyoyin suka taru a otal ɗin George da ke garin Huddersfield, suka ɓalle, suka kafa tasu hukumar da ƙungiyoyi 22. Abin da suka amince a biya ɗan wasa shi ne sule shida a rana. A kan sule shida ɗin nan aka yi shekara ɗari cif ana gaba.

Da yake sabuwar hukumar da kuɗin 'yan kallo take rayuwa, sai ta shiga gyara dokoki domin wasan ya ƙara sauri ya kuma ƙayatar. A 1906 ta rage 'yan wasa zuwa 13. A yau tsarin shi ne: ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Idan aka kayar da mai ƙwallo, sai a sake shi ya tashi ya tura ta baya da ƙafa ga ɗan uwansa, abokan hamayya kuma su ja da baya mita 10. Ƙungiya na da damar a kayar da ita sau shida, in ba ta ci ba ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren. Babban ci shi ne ɗan wasa ya tsallake layin ƙarshe na abokan hamayya ya dire ƙwallo a ƙasa, abin da ake kira tirai, mai maki huɗu, sannan a ba da damar bugawa tsakanin turaku domin ƙarin maki biyu. Minti 80 ake yi ana wannan gwagwarmaya.

Hukumar Yuniyon ba ta ɗauki ɓallewar da sauƙi ba. Ta kafa dokar cewa duk wanda ya buga Lig, ko da wasa ɗaya ne, an haramta masa Yuniyon har ƙarshen rayuwarsa, kuma ba wasa kaɗai ba, har horaswa da riƙe muƙami. Gabar ta wuce iyakar Ingila. A Faransa, gwamnatin Vichy da ta yi aiki da 'yan mamayar Jamus ta haramta wasan Lig baki ɗaya a 1941, ta ƙwace kadarorinsa. A rundunar sojin Birtaniya kuwa, sai a 1994 aka amince da shi a matsayin wasan da soja zai iya yi a hukumance.

Daga Hackney zuwa Widnes

An haifi Offiah a unguwar Hackney da ke gabashin Landan a ƙarshen watan Disamban 1965. Iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne. Ya yi karatu a Woolverstone Hall, wata makarantar kwana da ke kusa da garin Ipswich, wadda hukumar ilimi ta Landan ke tafiyarwa a wancan lokaci domin yaran birnin. A can ya koyi zari-rugar Yuniyon, ya kuma taɓa wasan kurket sosai. Bayan makaranta ya shiga ƙungiyar Rosslyn Park ta Landan, inda ya fi yin fice a gajeren wasan nan na mutum bakwai-bakwai, wanda fili ke da yalwa a cikinsa, mai gudu kuma yake cin karensa babu babbaka.

A irin wannan gasa ce, ta Middlesex da aka yi a filin Twickenham a 1987, Doug Laughton, kocin ƙungiyar Lig ta Widnes, ya ƙyalla ido ya gan shi. Laughton ya yi suna wajen farauto 'yan wasan Yuniyon, kuma bai ɓata lokaci ba ya kai masa tayi.

Yana da kyau a auna abin da wannan tayi ke nufi ga saurayi ɗan shekara 21. A lokacin ana ta hasashen cewa zai iya samun gurbi a babbar tawagar Ingila ta Yuniyon, wadda ita ce burin duk wanda ya tashi a irin makarantarsa. Karɓar kuɗin Widnes na nufin sallama wannan buri har abada, shigar sojan Badakkare ke nan. Ga shi kuma bai taɓa buga Lig ba, bai san dokokinsa ba. Widnes ɗin ma ƙaramin gari ne na masana'antun sinadarai a bakin kogin Mersey, kusa da Liverpool, inda baƙar fata ba su da yawa, kuma mutanensa ba su cika ganin ɗan Landan da ya fito daga makarantar kwana da gashi a ka ba. Da ya gaza, da ya yi biyu babu: ba tsuntsu, ba tarko.

Bai gaza ba. A kakar wasansa ta farko, 1987 zuwa 1988, ya ci wa Widnes tirai 42, ƙungiyar ta lashe gasar ƙasa, shi kuma aka ba shi kambun gwarzon ɗan wasan shekara. A kaka ta biyu ya ci 58, adadin da ya zama tarihi a ƙungiyar. A wasan da ya raba gardamar gasar a watan Afrilun 1989, Widnes ta doke Wigan da maki 32 da 18, Offiah ya ci uku shi kaɗai. A watan Oktoban shekarar kuma, a filin Old Trafford, Widnes ta karɓi baƙuncin zakarun Ostiraliya, Canberra Raiders, domin a fitar da zakaran ƙungiyoyin duniya. Baƙin suka fara yin gaba da maki 12 babu ko ɗaya, amma aka tashi Widnes na da 30, Canberra na da 18, biyu daga cikin tirai ɗin na Offiah ne. Kaka huɗu ya yi cikakku a Widnes, kuma a dukkansu shi ne ya fi kowa ci a ƙasar. Jimilla ya ci 181 a wasa 145.

Me ya bambanta shi da sauran? Gudu ne abu na farko, wannan ba a musu. Amma masu gudu suna da yawa, kuma mafi yawansu ba su kai ko'ina ba. Ɗan wasan gefe a wancan zamani yakan tsaya a bakin layinsa yana jiran a miƙo masa ƙwallo, wani lokaci a yi rabin wasa bai taɓa ta ba. Offiah bai yarda da jira ba. Yana karanta wasa, da ya hango wani abokinsa na shirin fasa katangar abokan hamayya a tsakiyar fili, sai ya baro gefensa ya bi shi a baya, ta yadda lokacin da aka tare mai ƙwallon, yana waiwayowa zai tarar da shi a kafaɗarsa. Da yawa daga cikin cin da ya yi, a ido masu sauƙi ne, gudun mita 20 babu kowa a gabansa. Wahalar tana wajen sanin inda za a tsaya tun kafin ƙofar ta buɗe. Masu suka sun daɗe suna cewa ba shi da ƙarfin tare abokin hamayya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, musamman a shekarunsa na farko, domin siriri ne a tsakanin ƙarti. 

Laƙabi da waƙa da launin fata

Turawa sun kasa furta sunansa yadda Ibo ke furtawa, wato Ofiya, suka mayar da shi Ofaya. Da yake hakan ya yi kama da ƙarshen sunan wani fitaccen fim na 1981 kan 'yan tseren Birtaniya, Chariots of Fire, sai suka laƙaba masa Chariots, ma'ana kekunan doki. Sunan ya bi shi har yau.

Laƙabin ya haifar da wani abin da sai bayan shekaru aka gano. Magoya bayan tawagar Yuniyon ta Ingila suna da wata waƙa da suke rerawa a Twickenham mai suna Swing Low, Sweet Chariot, wadda asalinta waƙar ibada ce ta baƙaƙen bayi a Amurka. An daɗe ana ɗauka cewa an fara rera ta a filin ne a 1988, ranar da Chris Oti, shi ma ɗan asalin Najeriya, ya ci tirai uku a kan Ireland. Amma a 2020 aka tono wani tsohon faifan bidiyo da ya nuna 'yan kallo na rera ta tun a gasar Middlesex ta 1987, lokacin da Offiah ke cikin fili. Wato waƙar da ta zama tambarin Yuniyon a Ingila, mai yiwuwa an fara ta ne domin mutumin da hukumar wasan ta rufe wa ƙofa watanni kaɗan bayan haka. Da aka taso da muhawara a 2020 kan dacewar rera waƙar bayi a filin wasa, Offiah ya goyi bayan a wayar da kan mutane game da asalinta, amma bai goyi bayan a hana ta ba.

Batun launin fata a wasan Lig na da fuska biyu, kuma adalci ne a faɗe su duka. Ta fuskar ba da dama, Lig ya riga kusan dukkan wasannin Birtaniya. Roy Francis ya buga wa tawagar Birtaniya a 1947, sannan ya zama koci ya lashe gasar ƙasa da ƙungiyar Hull a 1956 da 1958. Billy Boston ya baro Cardiff zuwa Wigan a 1953 ya zama gwarzon garin. Clive Sullivan ya jagoranci Birtaniya a matsayin kyaftin ta lashe kofin duniya a 1972, shi ne baƙar fata na farko da ya yi kyaftin ɗin wata tawagar ƙasa ta Birtaniya. In aka kwatanta da ƙwallon ƙafa, sai a 1978 Viv Anderson ya zama baƙar fata na farko a babbar tawagar Ingila, kyaftin kuwa sai Paul Ince a 1993. Ba wai masu ƙungiyoyin Lig waliyyai ba ne. Wasan na neman 'yan kallo ne, ɗan kallo kuma nasara yake so, don haka duk mai iya kawo ta ana buɗe masa ƙofa.

Ɗaya fuskar kuwa ita ce ta wuraren zaman 'yan kallo. A shekarun 1980 zagin wariyar launin fata ruwan dare ne a filayen wasannin Ingila, kuma Offiah ya sha shi a filayen abokan hamayya. Martaninsa shi ne ya ci, sannan ya yi murna a gabansu da rawa da ɗaga hannu, abin da ba a saba gani ba a wasan da al'adarsa ita ce ka dire ƙwallo ka sunkuyar da kai ka koma gurbinka. Dattawan wasan sun kira hakan girman kai. Yaran da ke tururuwa domin kallonsa kuwa abin da ya burge su ke nan.

Fam 440,000 da ranar Wembley

A 1991 dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da Widnes, ya nemi a sake shi, ya shafe watanni bai buga wasa ba. A watan Janairun 1992 Wigan ta saye shi kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasan Lig ba a duniya. Tarihin ya tsaya shekara 14, sai a 2006 Wigan ɗin dai ta karya shi da kanta, ta sayi Stuart Fielden kan fam 450,000. Domin a gane girman tazarar da ke tsakanin wasannin biyu, watanni kaɗan kafin cinikin Offiah, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bari da ke Italiya ta sayi David Platt kan fam miliyan biyar da rabi.

Wigan ta wancan lokaci ba ta da tsara. 'Yan wasanta wasa ne kaɗai sana'arsu, alhali a yawancin ƙungiyoyi ɗan wasa na zuwa atisaye ne da yamma bayan ya tashi daga aikin gini ko tuƙin mota. Ta lashe kofin ƙalubale, wanda ake buga wasansa na ƙarshe a Wembley, sau takwas a jere daga 1988 zuwa 1995, kuma huɗun ƙarshe da Offiah aka yi su. A watan Mayun 1992, a wani wasan kusa da na ƙarshe da Leeds, ya ci tirai 10 shi kaɗai, aka tashi 74 da 6. Saura ɗaya ya kamo tarihin da George West ya kafa tun 1905. Kocin Leeds a ranar shi ne Doug Laughton, mutumin da ya kawo shi cikin wasan.

Abin da aka fi tuna shi da shi ya faru ne a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 1994, nan ma da Leeds, nan ma Laughton na zaune a bencin abokan hamayya. Leeds ta fara wasan da ƙarfi, ta matse Wigan a gidanta. Ba a yi nisa da farawa ba Offiah ya karɓi ƙwallo 'yan taku kaɗan daga layin gidansu, wurin da kowane koci zai ce a lallaɓa a fitar da ita kawai. Ya ga 'yar kafa tsakanin masu tsaro, ya kutsa, sai ga shi a sarari. Mutum ɗaya ya rage a gabansa, Alan Tait, mai tsaron baya na Leeds, tsohon abokin wasansa a Widnes wanda ya san duk dabarunsa. Offiah ya nufo shi kamar zai bi ta ciki, Tait ya ɗan dakata, shi kuwa ya karkata waje ya bi gefen layi ya dire ƙwallo a kusurwa. Kusan tsawon filin gaba ɗaya ya gudu. Maimakon rawar da aka san shi da ita, sai ya zube bisa gwiwoyinsa ya dafe kai. Wannan durƙuson ne aka zuba a tagulla a ƙofar Wembley, tare da Billy Boston da Eric Ashton da Alex Murphy da Gus Risman. Wigan ta yi nasara da 26 da 16, shi kuma ya karɓi kyautar gwarzon wasan ƙarshe a karo na biyu, bayan wadda ya samu a 1992 a kan Castleford. Ya bar Wigan da tirai 186 a wasa 159.

Inda ƙafarsa ba ta kai ba

A matakin ƙasa, ya buga wa tawagar Birtaniya wasa 33 ya ci tirai 26, biyar daga ciki a wasa ɗaya da Faransa a 1991. Amma ma'aunin ɗan wasan Lig na Birtaniya shi ne Ostiraliya, kuma a nan labarin na kusa-kusa ne. Yana cikin waɗanda suka ci a birnin Sydney a 1988, ranar da Birtaniya ta doke Ostiraliya da 26 da 12 bayan shekara goma tana shan kashi a hannunta. Ya ci a Wembley a 1990, ya ci a Melbourne a 1992, duk a wasannin da Birtaniya ta yi nasara. Sai dai a kowane karo Ostiraliya ce ke lashe biyu cikin wasanni ukun da ake yi. Rabon Birtaniya da cin wannan jerin wasanni tun 1970. Sau biyu kuma yana buga wasan ƙarshe na kofin duniya a Wembley, a 1992 da rigar Birtaniya da 1995 da rigar Ingila, sau biyun Ostiraliya na ɗauke kofin, da 10 da 6, sannan 16 da 8.

Rushewar katanga

A watan Agustan 1995, shekara ɗari daidai bayan taron Huddersfield, hukumar Yuniyon ta duniya ta zauna a birnin Paris ta halatta biyan 'yan wasa. Kuɗin gidajen talabijin ne suka tilasta mata, domin da ba ta yi haka ba da 'yan kasuwa sun kwashe mata 'yan wasa. Dare ɗaya laifin da aka kori dubban mutane a kansa ya daina zama laifi. Shi ma Lig ya sauya kama a 1996, lokacin da kamfanin Rupert Murdoch ya zuba kuɗi aka kafa gasar Super League, aka kuma mayar da wasan daga hunturu zuwa bazara.

Offiah na cikin na farko da suka ci moriyar sauyin, amma ya zo masa a makare. A 1996 ya koma garinsu ya shiga London Broncos, yana kuma buga Yuniyon a ƙungiyar Bedford a lokacin hunturu. Ya haura shekara 30, gudun ya fara raguwa, kuma bai taɓa sa rigar babbar tawagar Yuniyon ta Ingila ba har ya yi ritaya. Jason Robinson, abokin wasansa a Wigan wanda bai kai shi shekaru ba, ya tsallaka a 2000, ya kuma ci tirai a wasan ƙarshe da Ingila ta lashe kofin duniya na Yuniyon a 2003. Tazarar shekarun haihuwa ce kawai ta raba makomarsu.

A 1997 Sarauniya ta ba shi lambar girmamawa ta MBE. A 1999 ya sake komawa Wembley tare da Broncos, ya ci tirai na farko a wasan ƙarshe, amma Leeds ta rama abin da ya daɗe yana yi mata, ta lallasa su da 52 da 16. Ya ƙarasa wasan Lig a Salford a 2001, inda ya cike 500, ya ɗan taɓa Yuniyon a ƙungiyar Wasps, sannan ya ajiye takalmi. Daga baya ya shiga gasar rawa ta gidan talabijin na BBC a 2004, ya yi sharhin wasanni, aka kuma shigar da shi zauren gwarazan wasan Lig a 2013.

Ya kamata a lura cewa ko bayan rushewar katangar, tsohon bambancin bai gushe ba. An yi shekara 130 da kafa Lig kafin a ba wani ɗan wasansa sarautar Sir, alhali 'yan Yuniyon da dama sun samu. Sai a watan Yunin 2025 Sarki Charles ya naɗa Billy Boston, yana da shekara 90, bayan rashin lafiyar mantuwa ta riga ta kama shi.

A Najeriya kuwa, wasan na rarrafe ne tukuna. A watan Oktoban 2019 Legas ta karɓi baƙuncin gasar Lig ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda Najeriya da Ghana da Kamaru da Maroko suka fafata, Najeriya ta doke Maroko a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin. Ta sake lashe shi a Ghana a 2022. 'Yan asalin ƙasar da ke Ingila kuma sun fi karkata ga Yuniyon, inda bayan Chris Oti aka yi su Victor Ubogu da Steve Ojomoh da Adedayo Adebayo, har zuwa Maro Itoje da ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025.

Ɗan Offiah, Tyler, shi ma ɗan wasan gefe ne mai gudu. A 2024 ya sa hannu a kwantiragi da ƙungiyar Yuniyon ta Bath, ya kuma buga wa tawagar Ingila ta 'yan ƙasa da shekara 20.